In kana shan maganin tsinka jini kuma an sa maka ranar tiyata, ga yadda ake lissafin

Wata safiyar Talata aka turo mana wani dattijo daga wajen Karantina nan Jidda za'a yi masa aikin ƙaba, an gama komai, an sa masa kanula, saura kawai a shiga da shi a yi masa allurar baya. Likitan banju, wato mai sa barci da kashe zafi a tiyata, ɗan Masar ne, ya tambaye shi da Larabci ko yana shan dawa suyula, wato maganin tsinka jini, Baba yace la la. Allah ya taimaka likitan bai gamsu ba aka kira ni tunda ni kaɗai ne Bahaushe a wajen ranar. Nace Baba, banda na hawan jini da na suga babu wani magani da kuke sha? Yace ɗana sai dai wata 'yar ƙwaya ja ƙarama da yarona ke sayo min, ta zuciya ce, ita ba ruwanta. Jikarsa ta zazzage leda, sai ga Xarelto mai miligiram 20, kuma ya sha ta da abincin dare jiya jiya. Aka ɗage aikin, Baba ya yi ta faɗa wai an sa shi azumin banza.

Ni fannin banju ne, aikina haɗa injin, jera allurai da tsayawa kusa da likita, kuma abin da zan faɗa shi ne abin da ake bi a ɗakin tiyata kusan ko'ina, amma wanda zai yanke maka hukunci likitanka ne tunda shi ya ga malaf ɗinka, wato fayil ɗinka na asibiti.

Abin da ya sa muke tsoron maganin nan haɗari biyu ne suke jan igiya ɗaya. In ka shiga tiyata da shi a jikinka jini zai ƙi tsayawa. In kuma ka daina shi da wuri ko ka daina ba'a ce ka daina ba, abin da aka ba ka shi dominsa zai dawo, wato jalɗa, jini ya yi guda ya toshe jijiyar ƙwaƙwalwa ko ta zuciya ko ta huhu. Sannan ga wani na uku da mutane basu sani ba, shi ne na allurar baya, wanda Larabawa ke cewa banju nusfi. Wajen da allurar ke shiga rami ne matsattse a cikin ƙashin baya kuma akwai ƙananan jijiyoyin jini a ciki, in allura ta taɓa ɗaya a mai lafiyayyen jini nan take yake daskarewa ba wanda ma zai sani, amma in jinin a tsinke yake sai ya yi ta tsiyaya a hankali ya taru ya danne laka, kuma laka in ta daɗe a danne ƙafa ba ta dawowa. Ba kasafai yake faruwa ba, amma wanda ya faru da shi ya shiga keken guragu kenan.

Toh mataki na farko tun daga gida, ka san sunan maganinka. Ba kalarsa ba, sunansa. Wannan maganar ta "ja ce ƙarama" ko "fara ce mai tsaga" wallahi tana wahalar da mu, misali warfarin na kamfanin Coumadin mai ruwan hoda miligiram 1 ne, amma Marevan mai ruwan hoda miligiram 5 ne, kaga in ka ce mai ruwan hoda nake sha baka faɗi komai ba. Ka ɗauki kwalin gaba ɗaya ka zo da shi, ko ka ɗauki hotonsa a waya gaba da baya. Alhazai da 'yan Umara su ne suka fi wannan matsalar, a ɓare magani duk a zuba a leda ɗaya saboda kaya, mutum ya faɗi a Shara Mansur a Makka ya karye a ƙugu a kawo shi ɗawari, wato sashen gaggawa, ba wanda ya san me yake sha.

Magungunan gida-gida ne. Akwai tsohon gida, warfarin, wanda ake yi wa gwajin INR kullum, gwajin da ke nuna yadda jini ya tsinke. Shi yana hana hanta amfani da bitamin K wajen haɗa sinadaran daskarar da jini, shi ya sa yake da nawa wajen fara aiki kuma yake da nawa wajen fita. Abin dariya ma asalinsa maganin ɓera ne, a 1948 aka fara sayar da shi a Amurka don kashe ɓeraye, sai a 1954 aka yarda a ba mutane. Akwai sababbin, Eliquis, Xarelto, Pradaxa da Lixiana, su ba'a yi musu INR, suna kama aiki cikin awa 2 zuwa 4 kuma suna saurin fita in ƙoda lafiya take. Akwai na allura, Clexane da ake yi a fatar ciki da heparin na asibiti. Sai kuma waɗanda suke aiki a kan safa'ih, ƙananan ƙwayoyin jinin da ke fara toshe ciwo, su ne asfirin, Plavix, Brilinta da Effient. Mutanenmu basa ɗaukan asfirin da Plavix a matsayin suyula, toh ka lissafa su.

Mataki na biyu, kar ka tsallake mau'idin iyadar banju, wato ganin likitan banju kafin aiki, kuma ka nemi a yi shi aƙalla sati ɗaya ko kwana goma kafin ranar, don in ka zo ana gobe aiki babu lokacin lissafi. A nan za'a tambaye ka dalilin da aka ɗora ka a kan maganin, kuma amsar nan ita ce ke canja komai. Wanda yake sha don bugun zuciya mara tsari daban, wanda jini ya yi masa guda a ƙafa shekara biyu da suka wuce daban, wanda ya yi masa wata ɗaya da ya wuce daban, shi wannan ma in aikin ba na gaggawa bane jira ake yi sai ya cika wata 3.

Mutum biyu ne nake so su buɗe kunne sosai. Na farko mai bawul ɗin ƙarfe a zuciya, kuma muna da su da yawa cikin 'yan uwanmu, wasu an sa musu a Indiya ko Masar, wasu a cibiyar Salam ta Khartum da aka buɗe a 2007. Kai warfarin ne naka har abada, sababbin magungunan nan basa yi maka, kar wani a saidaliyya, wato kantin magani, ya ce maka ga Eliquis ya fi sauƙi ba gwaji. Kuma kai ba'a cika barinka haka kawai ba magani na kwanaki, musamman in bawul ɗin mitral ne, ɗaya daga cikin na ɓangaren hagu na zuciya, ana yi maka gada, wato a tsayar da warfarin a riƙe ka da Clexane ko heparin a tsakani. Na biyu mai da'ama, ɗan ƙarfen da ake sa wa a jijiyar zuciya. In bai kai wata 6 da sa maka ba, ko shekara ɗaya in bugun zuciya na toshewar jijiya farat ɗaya ne ya kawo ka aka sa, aikin da zai iya jira ana barinsa ya jira, kuma babu mai ikon ce maka ka ajiye Plavix ko Brilinta sai da sanin likitan zuciya. Da'ama in ta toshe ba ta sallama.

Maganar gada kuma ba kowa ake yi wa ba. Da can duk mai warfarin sai an yi masa, amma wani babban bincike da aka fitar a 2015 ya nuna masu bugun zuciya mara tsari da aka yi musu gada zubar jini kawai suka ƙara, jalɗa kuma bata ragu ba. Don haka in likita yace kai ba sai an yi maka Clexane ba, ba rowa yake maka ba kuma ba don inshora bane.

Mataki na uku shi ne ainihin lissafin, kuma nan nake so ka ɗauko biro. Mu ɗauka aikinka ranar Lahadi ne da ƙarfe 8 na safe tunda nan Lahadi ake fara sati.

In warfarin ne kwana 5 ake tsallakewa, ka sha na ƙarshe ranar Litinin, daga Talata babu, ranar Asabar a yi maka INR. Mai shan warfarin galibi tsakanin 2 da 3 ake riƙe shi, mai bawul ɗin ƙarfe wani lokacin 2.5 zuwa 3.5, amma don tiyata ana so ya sauko ƙasa da 1.5, don allurar baya kuma likitoci da yawa sai sun ga ya dawo daidai ko kusa da haka. In an duba Asabar bai sauko ba akan ba da ɗan bitamin K kaɗan a sake dubawa da safe, shi ya sa gwajin ana gobe yake da amfani, ba ranar ba.

In Eliquis ne ko Xarelto ko Lixiana, ƙaramin aiki kwana 1 ake tsallakewa, babban aiki kwana 2, wato Juma'a da Asabar babu. Amma in allurar baya za'a yi awa 72 cif ake so, kenan na ƙarshe kar ya wuce Alhamis ƙarfe 8 na safe, mai sha da dare kuma nasa na ƙarshe daren Laraba ne. Pradaxa ita ce mai rigima domin kusan kashi 80 cikin ɗari ta ƙoda take fita, mai raunin ƙoda sai ya kai kwana 4 ko 5. Shi ya sa ake haɗa maka da tahlili, wato gwajin ƙoda, kar ka ce me ya haɗa ƙaba da ƙoda. Waɗannan ba'a yi musu gada, kuma INR ɗinsu zai iya fitowa lafiya lau alhali maganin na nan cike a jiki, don haka agogo muke bi ba takardar gwaji ba.

Clexane kala biyu ne. Na rigakafi, galibi miligiram 40 sau ɗaya a rana, awa 12 ake jira kafin allurar baya. Na magani, wanda ake auna shi da nauyinka miligiram 1 a kowane kilo safe da yamma, awa 24 ake jira. Heparin na cikin ruwa awa 4 zuwa 6 bayan an kashe famfon, a kuma duba aPTT, gwajin da ke nuna ko heparin ya fita. Mata masu ciki da ke yin Clexane, Hajiya ki riƙe wannan, da kin ji naƙuda ta fara ko faya ta fashe ko kin ga jini kar ki ƙara yin allurar, ki duba agogo ki tuna yaushe kika yi ta ƙarshe ki tafi mustashfa, wato asibiti. Mata da yawa sun rasa allurar baya an yi musu banju kamil, wato na barci gaba ɗaya, a tiyatar haihuwa saboda allura ɗaya da suka yi a hanya.

Plavix kwana 5 zuwa 7, Brilinta kusan kwana 5, Effient 7 zuwa 10, saboda Plavix da Effient in sun kama ƙwayar safa'ih sun kashe mata aiki kenan har sai jiki ya haifi sababbi, su kuma rayuwarsu kwana 7 zuwa 10 ce. Asfirin ƙarami shi kaɗai baya hana allurar baya kuma yawancin aiki ana yi da shi, sai irin aikin ƙwaƙwalwa ko laka ne likitan fiɗa zai iya cewa a ajiye. Cire haƙori ɗaya ko biyu da aikin yanar ido kuwa galibi ba'a ma tsayar da warfarin in INR yana inda ya kamata, amma nan ma mutanenmu kan daina da kansu sati guda don tsoro, wannan kuskure ne babba.

Dan Allah ka sa likita ko nas ta rubuta maka a takarda, rana kaza ƙarfe kaza na ƙarshe. In Larabcinka na kasuwa ne ka je da yaron da ya yi makaranta a nan, kar kunya ta sa ka yi ta gyaɗa kai kana cewa ɗayyib ɗayyib.

Mataki na huɗu abubuwan gida ne da ba'a ɗauke su magani ba. Brufen da Voltaren suna ƙara zubar jini in an haɗa da suyula, in ciwo ya dame ka Panadol ya isa. Flagyl da Septrin suna harba INR sama a mai warfarin, in wani likita daban ya rubuta maka ka gaya masa abin da kake sha. Ƙwayoyin tafarnuwa, ginko da ginseng da ake sayarwa a shagon aɗɗar, wato na masu maganin gargajiya, da jiƙe-jiƙen da aka aiko daga gida ba'a san me ke ciki ba, a ajiye su sati biyu kafin aiki, tafarnuwa da cittar miya ba su nake nufi ba. Ganye kamar mulukiya, alayyahu da jarjir suna da bitamin K, ba'a hana mai warfarin ci ba, abin da ba'a so shi ne wannan satin ka ci kullum sati mai zuwa ka daina. Sai ƙaho, hijama, nasan sunna ce kuma mutanenmu na sonta, amma mai shan suyula kar ya kwanta a tsaga masa baya sai ya tambayi likitansa, balle ana saura kwana kaɗan a soka masa allura a wannan bayan.

Ranar aiki abu ɗaya nake roƙo, gaskiya. In ka manta ka sha ka faɗa. Babu mai dukanka, iyakaci a ɗage ko a canja a yi maka banju kamil maimakon na baya. Mutane na ɓoyewa saboda sun sha wahala kafin su samu mau'idi ko kafili ya ba da hutun kwana biyu kacal, na gane wannan sarai, amma awa ɗaya da ka ɓoye ita muke gina komai a kanta. Ka faɗi kuma in kana yawan haɓo, ko dasashi na jini, ko a danginku akwai wanda jini ya taɓa ƙi tsaya masa wajen kaciya ko haihuwa.

In kuma gaggawa ce, haɗarin mota ko hanji ya toshe, ba'a jiran kwana 5, warware maganin ake yi. A kira 997 na Hilal Ahmar, masu motar ɗaukar mara lafiya, wanda ya raka mara lafiya ya riƙo kwalin magani. Warfarin ana karya shi da bitamin K ta jijiya haɗe da PCC, wani garin sinadaran daskarar da jini da ake narkawa a ba da, cikin mintuna yake aiki, in babu shi sai filasma wadda ita sai an narkar da ita kuma ruwa ne mai yawa ga tsoho mai raunin zuciya. Bitamin K kaɗai yana ɗaukan awanni. Heparin makarinsa protamin, miligiram 1 ga kowane yunit 100, a hankali ake tura shi don yana faɗar da hawan jini, Clexane kuwa rabi-rabi yake karya shi. Pradaxa tana da nata makarin, Praxbind giram 5. Eliquis da Xarelto yawancin wurare PCC ake ba su. Masu Plavix in jini ya ƙi tsayawa safa'ih ake ƙara musu.

Akwai kuma tranexamic, wanda ake sani da Cyklokapron, shi hana gudan jinin da ya riga ya haɗu narkewa yake yi. Giram 1 ta jijiya a cikin minti 10. Binciken da aka fitar a 2017 a kan mata kusan 20,000 masu zubar jini bayan haihuwa, da Najeriya da Sudan a cikin ƙasashen, ya nuna yana rage mutuwa in an ba da shi cikin awa 3 na farko. 'Yan uwa ma'aikata sababbin zuwa, nan ku tsaya, kwalbarsa tana kama da ta bupivacaine na allurar baya, an sha samun kuskure a ƙasashe daban-daban aka tura shi cikin laka, farfaɗiya nan take kuma da yawa basu tashi ba, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a 2022. Ni dai bana barin shi a kan tiren allurar baya ko kusa da shi, kuma ina karanta sunan kwalba da ƙarfi likita ya ji kafin ya zuƙa, ko da zai harare ni.

Mataki na ƙarshe bayan an fito, kuma nan ake sakaci don kowa ya saki jiki ana ta barka. Kar ka koma shan maganin da kanka, kar kuma ka bar asibiti ba'a gaya maka ranar komawa ba. Warfarin akan dawo da shi daren aikin ko washegari tunda sai ya yi kusan kwana 5 kafin ya kama. Sababbin kuwa tunda nan da nan suke kamawa, ƙaramin aiki bayan awa 24, babba bayan awa 48 zuwa 72. In an bar maka siririn tiyo a baya na kashe zafi, efidural, cire shi ma daidai yake da soka allura, sai awa 12 bayan Clexane na rigakafi ake zare shi kuma sai an ƙara awa 4 kafin allura ta gaba. In nas ta zo da Clexane kana da tiyo a baya ba laifi bane ka ce sista likitan banju ya sani?

Allurar baya ta sau ɗaya cikin awa 3 zuwa 4 ya kamata ƙafa ta fara motsi. In ta wuce haka shiru, ko ta dawo sannan ta sake yin nauyi, ko sabon ciwon baya mai tsanani, ko fitsari ya ƙi fita ko yana zuba baka sani ba, a tashi nas ko ƙarfe 3 na dare ne, a ce a kira likitan banju yanzu. MRI ake yi da gaggawa, kuma in jini ne ya taru ana so a buɗe a kwashe cikin awa 8. Mai jinya kar ki ce bari gari ya waye. A ɗaya ɓangaren kuma ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, numfashi ya yi wuya farat ɗaya, baki ya karkace ko magana ta sarƙe, wannan jalɗa ce, ɗawari kai tsaye. Ƙaramar tambaya kuwa 937 na ma'aikatar lafiya suna ɗauka dare da rana. Wanda zai koma Kano ko Yamai bayan aiki ya tambaya kafin ya yanki tikiti, zaman jirgi na sama da awa 4 da sabon ɗinki yana ƙara haɗarin gudan jini a ƙafa.

Baba mai aikin ƙaba ya dawo Lahadin da ta biyo, jikar ta miƙo min 'yar takarda tun kafin in tambaya, ta rubuta Laraba ƙarfe 9 na dare. Aka yi masa allurar baya, minti arba'in an gama, kafin la'asar yana motsa yatsun ƙafa yana tambayata yaushe za'a ba shi shayi, nace Baba sai sista ta yarda, yace ita ma Bahaushiya ce ko sai na sake kiranka.